Riƙon Ƙwaryar Sista Basira

Idan ka sauka a bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi ka ce a nuna maka Asibitin Haɗa-Hannu, sai an yi ta kallon-kallo, wani ma ya tura ka babban asibitin koyarwa, wai ko can kake nufi. Amma ka ce asibitin Sista Basira, ko mai rake zai ajiye wuƙarsa ya kwatanta maka: bi lungun nan, ka wuce injin markaɗe, za ka ga gini mai shuɗin fenti da darbejiya a ƙofarsa. Ɗaki huɗu ne da baranda, ba wani abin a-zo-a-gani ba. Sai dai rabin samari da 'yan matan da ke kai da kawo a lungunan nan a hannun matar nan suka yi kukan farko. Abin da ta nema kuwa ba wani abu ne mai yawa ba. Takarda ce guda ɗaya mai ɗauke da sunanta, wadda za ta ce ita ce shugabar wurin da ta riga ta daɗe tana shugabanta.

A Ƙauyen Alu aka haife ta, tun wurin yana amsa sunansa na ƙauye, da gonakin dawa har bakin gidaje. Mahaifinta gyaran keke yake yi. Mahaifiyarta kuwa, Inna Indo, ungozoma ce da ake aikowa nema har daga Hotoro, kuma Basira ce ke bin ta a baya da ƙunshin reza da zare. Abu biyu Inna ta koya mata, duka biyun kuma sun zauna daram. Na farko hannu, wato yadda ake taɓa cikin mace a gane kwanciyar ɗa, da yadda ake lallashin mai naƙudar fari har ta daina kiran mutuwa. Na biyu kara. Idan sun shiga gidan mutane aka ajiye musu kwano, Inna takan harare ta tun hannunta bai motsa ba. Ƙa'idar ita ce ki ce kin ƙoshi. Za a sake cewa bisimilla, ki ce alhamdu lillahi, yanzun nan muka tashi daga kan abinci. Sai an matsa a karo na uku, har da rantsuwa, sannan ki sa hannu, shi ma daga gefe. Inna takan ce mata kada ta ji tsoron yunwa, masu gida sun san abin da ake yi, ba wanda zai ɗauke kwano don ta ce ta ƙoshi. Haka kuwa abin yake, Basira ta girma ba ta taɓa ganin an ɗauke ba ko sau ɗaya.

Mahaifinta ne ya kafe sai ta yi boko, duk da surutun dangi. Ta yi firamare, ta yi sakandaren 'yan mata, ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma, ta fito da farar riga da ɗan agogo maƙale a ƙirji. Ta auri Malam Ja'afar, malamin firamare, mutum mai sanyi, irin wanda ko ɗalibi zai daka sai ya fara ba shi haƙuri. Suka zauna a Tarauni, tana zuwa aiki wani asibiti a cikin gari, tana renon 'ya'yanta. A 1985 ƙungiyar unguwa ta yi aikin gayya ta gina Haɗa-Hannu, saboda mata sun gaji da haihuwa a bayan motar haya kafin a kai su asibiti. Aka roƙi Basira ta dawo kusa da gida, ta dawo.

Shugaban asibitin na farko, wanda ma'aikata ke ce wa incaji, Malam Magaji ne, wani tsohon disfensa, mai ba da magani, da ya yi ritaya. Shekara uku ya yi yana shugabanci, sai ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a daminar 1988. Basira ce ta yi ta zuwa gidansa tana yi masa allura har ranar ƙarshe. Bayan an yi sadakar bakwai sai ga Alhaji Lawan, ciyaman ɗin kwamitin asibiti, ɗan kasuwar yadi mai faɗa-a-ji a unguwa. Ya tsaya a bakin baranda ya miƙo mata makullai da hatimi.

"Sista, ki ɗan riƙe mana kafin mu samu wanda za mu ba."

Ta rusuna ta karɓa da hannu biyu. Ɗan riƙon nan, ka ji fa, shi ne ya ci shekara goma sha ɗaya.

A cikin shekarun nan babu abin da ba ta yi ba. Ita ta ware Talata ta zama ranar awo, ta sa aka buga kati ga kowace mai ciki. Ita ta bi magidanta ɗaya-ɗaya, masu cewa matarsu ba ta fita, da lallashi da tsoratarwa, har suka fara kawo matan da kansu a kan babur. Lokacin da man fetur ya yi wuya a zamanin soja, a ƙafa take tahowa daga Tarauni, kuma ba a taɓa riga ta buɗe ƙofa ba. A shekarar sanƙarau ta shimfiɗa tabarmi a baranda da ƙarƙashin darbejiya, ta ɗaure ledojin ƙarin ruwa a jikin reshe, ta yi sati uku 'ya'yanta ba su ci girkinta ba. Ta kuma san iyakarta. Da ta ga haihuwa ta zo da gardama ba ta jayayya, takarda take rubutawa a wuce babban asibiti, kuma a can idan suka ga rubutunta ba sa tsayawa dogon tambaya. Amma duk takardar da za ta sa wa hannu sai ta fara rubuta "a madadin shugaba" a sama. A madadin wa? Mutumin da yake kwance a maƙabarta.

Mutum biyu suka daɗe tare da ita. Akwai Esther, nas ce 'yar Zonkwa, mijinta ma'aikacin gwamnati, mace mai faɗin abu yadda yake ko da kuwa a gaban surukinta ne. Sai Ƙasimu, wanda ya zo a 1990 da takardar shaidar kiwon lafiya da hannu mai rawa. A jikin lemo Basira ta koya masa allura, sai da ya huda kwando guda kafin ta bar shi ya taɓa mutum. Kada a zalunce shi, Ƙasimu ba mugu ba ne. Mutum ne mai ladabi, mai fara'a, mai iya gaisuwa, kuma Allah ya hore masa baki.

Kwamiti kuwa yana da nasa tsarin. A takarda, duk ƙarshen wata ake taro a asibiti. A zahiri, a dakalin ƙofar gidan Alhaji Lawan ake yin sa bayan La'asar, idan an fito daga masallaci an shimfiɗa darduma ana ɓare goro. Mace ko wucewa za ta yi ta wurin sai ta rage tsawo ta gaishe su da sauri, balle a ce ta zauna ta buɗe fayil. Sau ɗaya Basira ta gwada. Ta tsaya daga nesa da rahotonta, rana tana dukanta, dattawa suna ta sunkuyar da kai kamar an kama su da laifi, har Alhaji ya ce ta shiga ciki wajen Hajiya, za a aiko a karɓa. Daga nan sai ta koma aikawa da takarda. Da Ƙasimu ya zo kuma ta ga ta samu dabara, ita a ganinta. Takan rubuta rahoton da hannunta, ta zaunar da shi ta bi masa layi-layi, ta gaya masa tambayoyin da za a yi da amsar kowace, sannan ta tura shi. Haka aka yi shekara tara dattawan nan suna jin aikin Basira daga bakin Ƙasimu. Duk sanda ya dawo yakan ce an yaba, an sa albarka, ita kuma ba ta taɓa tambayarsa wa aka sa wa ba.

Sai ga 1999, soja suka koma bariki. Gari ya cika da fostoci, ko bangon asibiti bai tsira ba, 'yan acaɓa suna yawo da hotuna a jikin fitila. Kowa ka tare sai ya ce maka yanzu mulkin farar hula ne, kowa zai samu haƙƙinsa, kuma da an hau mumbarin kamfe sai a ce mata iyayenmu ne, da su za a tafi. Ba a daɗe da rantsar da sababbin shugabanni ba takarda ta zo daga sama. Duk asibitin al'umma da ke son firijin rigakafi da kason magani sai ya yi rajista da sunan tabbataccen shugaba, ba mai riƙon ƙwarya ba. Nan fa kwamiti ya tuna ashe har yanzu bai samu wanda zai ba ba. Aka sa taro ranar Asabar da hantsi, kuma saboda girman maganar aka ce a asibiti za a yi.

Esther ce ta fara tare ta a ɗakin magani. Ta ce mata ranar nan ta buɗe baki ta ce tana so, da Hausa mai kyau, kada ta tsaya wani noƙe-noƙe. Basira ta yi dariya ta ce duk daɗewarta a Kano har yanzu ba ta san mutanen nan ba. Wa zai tashi a gaban dattawa ya ce a ba ni? Ai sai a ce ba ka da tarbiyya. A gida ma Malam Ja'afar haka ya gani. Ya tuna mata yadda aka zaɓi shi kansa Alhaji Lawan, sai da ya ƙi sau uku, har ya tashi zai sa takalmi aka riƙo rigarsa. Ya ce ko a masallaci idan liman bai zo ba, ai sai a yi ta tura juna, wannan ya ce bisimilla Malam, wancan ya ce a'a, bisimilla, alhali kowa ya san wanda zai shige gaba. Ya ce ta kwantar da hankalinta, abu nata ne, ba mai ja.

Ta yarda da shi, don abin da Inna ta koya mata ke nan. Amma tana so, wallahi tana so, so irin wanda take jin kunyar kanta a kansa. Ranar Juma'a da aka tashi daga aiki ta ɗauki wani tsohon katin awo ta juya bayansa, ta yi ta sa hannu babu "a madadin" a sama, don ta ga yadda zai fito. Ta yi wajen sau goma, sannan ta yayyaga katin ta zuba a kwandon shara.

Ranar Asabar dattawa tara suka zauna a kan bencinan masu awo, sakatare ya ɗora babban littafin taro a cinya. Basira da Esther suna gefe a kan ƙaramin benci, Ƙasimu yana tsugune kusa da ƙofa. Aka buɗe da addu'a. Alhaji Lawan ya yi dogon bayani, ya yabi asibiti, ya yabi marigayi Malam Magaji, ya ce kowa ya san ɗawainiyar da Sista ta yi. Sannan ya juyo wajenta.

"To Sista, ke kike riƙe da wurin nan. Me kika ce, a ba ki?"

Ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai, ta faɗi abin da duk ɗan mutunci zai faɗa.

"Ranka ya daɗe, ni wace ce? Akwai waɗanda suka fi ni. Duk wanda kuka ga ya dace a ba shi, ni mai biyayya ce."

Ta jira bisimilla ta biyu. Har ta tanadi amsarta, da ta ukun ma. Abin da ta ji shi ne ƙarar biron sakatare a kan takarda.

Alhaji ya ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka. Sakatare, rubuta, Sista ta ce a ba wani."

Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce haka ake son mace, mai sanin ya-kamata. Wani ya ƙara da cewa dama yanzu aikin ya zama na shiga ofisoshi da cuɗanya da 'yan siyasa, bai dace da matar aure ba, ta kyauta da ta hutar da su. Alhaji ya juya wajen Ƙasimu ya yi masa tambayar nan dai. Ƙasimu ya ƙara duƙawa ya ce shi wane ne, akwai waɗanda suka fi shi, ga Sista nan ita ta koya masa komai. Kusan kalmominta ne ya maimaita, ko gishiri bai ƙara ba. Ai kuwa sai baranda ta ɗauka. A'a Malam Ƙasimu, kai ne. Shekara nawa muna jin bayaninka? Ya sake ƙi, aka sake matsawa. Ya ƙi na uku, Alhaji ya ce in ya ƙara ƙi to ya raina furfurarsu. Ƙasimu ya share gumi ya ce to, tunda iyaye sun ce. Aka ɗaga hannu aka yi fatiha.

Ita ma ta ɗaga nata, ta shafa. Me za ta yi? Esther tana ta mintsininta a cinya, har ta yunƙura za ta yi magana sakatare ya ce mata ita ba 'yar kwamiti ba ce. Basira ta san abin da Esther ke so ta ce, amma ta ina za ta fara? Ta ce wa dattawa tara ba haka take nufi ba, ai ta ce ƙarya ta yi ke nan, ko kuwa su ne ba su san kara ba. Ga fatiha an riga an shafa. Tana zaune tana kallo aka ɗauke kwanon daga faɗa ɗaya, abin da Inna ta ce ba a yi.

Da aka watse ta shiga ofis ta ɗauko makullai da hatimi. Ƙasimu ya biyo ta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Wallahi Sista ban nema ba."

Ta ce ta sani, Allah ya taya shi riƙo. Kuma ta sani ɗin, abin da ya fi ci mata rai ke nan, don da ya nema da ta samu wanda za ta tsana ta huta. Esther kuwa faɗa ta yi ta yi kamar za ta ari baki, rabi da dattawa rabi da ita Basirar, har ta gaji ta zauna ta fashe da kuka. Basira ce ma ta koma ba ta haƙuri.

Malam Ja'afar da ya ji labari, tuwon ranar ko rabi bai ci ba. Bai ce shi ya jawo ba, ita ma ba ta ce ba, amma kowa ya san abin da ke cikin ran ɗan'uwansa. Bayan kwana biyu ya yi ta maza ya tari Alhaji Lawan a bakin masallaci, ya kewaya ya kewaya, ya ce ko za a sake duba maganar nan, don yana ganin kara ce kawai iyalinsa ta yi. Alhaji ya buɗe ido da mamaki na gaske. Ya ce ai da bakinta ta faɗa a gaban kowa, yana rubuce, kuma shi bai taɓa jin inda aka warware fatiha ba. Ya ma ƙara da yaba masa, wai ya iya tarbiyyar gida. Malam ya yi godiya ya dawo.

Ta daɗe tana juya abin a ranta, ko shirya mata aka yi. Da farko ta so a ce shiri ne. Daga baya ta gane babu wani shiri, kuma wannan ya fi ciwo. Mutanen nan ba su ƙi ta ba, suna ganin girmanta, matansu da 'ya'yansu duk ta hannunta suka bi. Kawai dai bai taɓa zuwa musu a rai ba cewa mace za ta ce ba ta son shugabanci alhali tana so. Na Ƙasimu sun ji shi a matsayin kara, nata kuwa sun ɗauka gaskiyarta ta faɗa.

Aiki bai canja ba ko kaɗan. Firiji ya zo, aka ɗauki hoto da Ƙasimu yana riƙe da murfinsa, ita tana ciki tana karɓar haihuwa. Duk taron da za shi sai ya fara leƙowa ya ce Sista, me zan ce musu? Ta zaunar da shi ta bi masa layi-layi kamar da. Ita ke tsara aiki, ita ke sanin maganin da ya kusa ƙarewa, ita mata ke tambaya tun daga bakin ƙofa. Abu ɗaya ne ya ragu, ta daina rubuta "a madadin shugaba", don yanzu babu takardar da ke buƙatar hannunta. A 2001 aka yi wa mijin Esther canjin wurin aiki zuwa Jos. Ranar da za su tafi Esther ta riƙe hannunta a bakin mota ta sa ta yi alkawari, idan dama ta sake zuwa za ta faɗa da bakinta.

Damar ta zo a 2003. Ƙasimu ya bi wani ɗan takara, aka ci zaɓe, aka ba shi kujera a wani ofis, ya ajiye makullai ya tafi da kuka da neman gafara. Kwamiti ya sake zama a kan bencinan nan, dattawan dai su ne, sai biyu da suka rasu aka maye gurbinsu. Wannan karon ba a ma tambaye ta ba, ana ta lissafa sunayen waɗanda za a tuntuɓa. Sai Basira ta miƙe. Shekararta arba'in da shida, ba ta taɓa yin abin da ya yi mata nauyi irin wannan ba.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Ina so a ba ni. Shekara goma sha takwas ina wurin nan, sha ɗaya ni na riƙe shi. Ina so."

Wani ya yi tari, wani ya shiga gyaran hula. Sakatare, shi dai na da ɗin, ya buɗe littafi ya yi ta juya shafi har ya samo, ya karanta da ƙarfi cewa ranar kaza ga watan kaza Sista ta ce a ba wani. Ta ce kara ta yi. Sai dattijon nan da ya taɓa yabonta ya ce shi tun da yake bai taɓa jin mace ta tashi a gaban maza ta nemi mulki da bakinta ba, kuma malamai sun ce mai neman shugabanci da kansa ba shi ake ba wa ba. Yana faɗin haka, a bayansa jikin bangon asibitin fostoci ne har sun hau kan juna, maza ne reras da manyan huluna, kowa yana roƙon a zaɓe shi. Ba wanda ya waiwaya.

Alhaji Lawan ya ce a bar maganar haka, za a duba. Sannan ya ɗauki makullan daga kan benci ya miƙo mata, ya ce kafin nan ta ɗan riƙe musu. Ta tsaya tana kallon hannunsa. Ta so ta ƙi, har ga Allah ta so. Amma jibi Litinin akwai rigakafi, gata Talata awo, kuma makullin firiji yana cikin ɗaurin nan. Ta karɓa, da hannu ɗaya wannan karon, kuma ko wannan ba wanda ya lura.

Kafin sati ya zagayo magana ta gama unguwa. Wai Sista ta canja, wai zama da Esther ne ya buɗe mata ido, wai siyasa ta shiga. A majalisa aka fara tsokanar Malam Ja'afar ana ce masa mijin incaji, yana murmushin yaƙe, har ya daina zama. Wata biyar tana riƙo, sannan aka kawo wani Malam Haisam daga Hotoro, mai difloma da ladabi. Ranar da ya fara aiki ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ce an gaya masa duk abin da bai gane ba ya tambayi Mama.

Shi ne ya kawo shawarar allo. Ya ce duk ma'aikatar da ta san kanta tana da allon sunayen shugabanninta a bango, kuma ga baƙi za su zo buɗe sabon ɗakin haihuwa. Aka kira mai fenti daga kasuwar Tarauni, aka ba shi takarda. Ranar Talata ce, baranda cike da masu awo. Mutumin ya kafa tsani, ya rubuta Malam Magaji, 1985 zuwa 1988. Ya duba takarda ya ga na biye Malam Ƙasimu ne, 1999. Ya sauko yana sosa ƙeya, kuma kamar kowa a wurin nan, Basira ya nufa. Ya ce Hajiya, an yi tsallake, wa ya riƙe daga tamanin da takwas zuwa casa'in da tara?

Ta ce, "Ni ce."

Ya ce to madalla, ta faɗa masa cikakken suna. Ta faɗa, har ya rubuta a tafin hannunsa. Sai Malam Haisam ya ce a ɗan dakata a ji ta bakin ciyaman, kada a yi abu ba izini. Mai fenti ya hau kekensa ya tafi gidan Alhaji, bai daɗe ba ya dawo yana kauce wa idonta. An ce masa ba a sa mai riƙon ƙwarya a allo. An kuma ce giɓin nan ba zai yi kyan gani a idon baƙi ba, za a zaci asibitin rufe shi aka yi, don haka ya ja shekarun Malam Magaji su cike wurin. Ya hau tsani ya shafe 1988 da farin fenti, ya jira ya sha iska, ya rubuta 1999 a kai. Basira tana tsaye da katunan awo a hannu har ya gama.

A cikin masu jira akwai Iya Rabi, wata tsohuwa da ta rako matar jikanta. Ba ta iya karatun boko ba, amma tun ɗazu take kallon allon tana murmushi. Ta jawo gefen rigar Basira.

"'Yar nan, wanne ne naki a ciki? Nuna min in gani."

"Babu, Iya."

Tsohuwar ta ce to na su wa aka rubuta? Basira ta karanta mata, suna da shekara, tun daga sama har ƙasa. Iya Rabi ta shiga lissafi da yatsu. Ta ce a'a, ai Malam Magaji a daminar da aka haifi autar 'yarta ya rasu, ta tuna sarai don daga gidan gaisuwa aka kira ta, kuma ita Sista ce ta karɓi haihuwar a ɗakin can. Ta ce yaya mamaci zai yi shekara goma sha ɗaya yana aiki? Ta juya tana neman wanda zai ba ta amsa. Matan da ke kan benci suka sunkuyar da kai, mai fenti yana ta wanke burushi a cikin gwangwani.

Basira ta daɗe tana kallon wurin da aka shafe, inda farin fentin ya fi na gefensa haske. Sannan ta duba katin da ke sama a hannunta, ta kira sunan mai lamba ɗaya.